Ga waɗanda suka karanta Watchmen kafin su ga fim ɗin: ni ne ban gane ba, ko dai an wanke Rorschach?

Mai Caji (Gusau):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, maganar da ɗan tsawo, amma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai a Tudun Wada. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara cikin watan Satumba na 2021, kasuwar tura fim ta buɗe sosai, tunda ba Facebook ba WhatsApp, kowa sai kallo. A kwanakin ne na tono wani abu da wani ɗan bautar ƙasa ya bar mini a kwamfuta kafin ya koma garinsu: littafin zane na Watchmen, kashi goma sha biyu cif, wanda Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, ya fito tsakanin 1986 da 1987. Turancina na sakandare ne, don haka da ƙamus a gefe na bi shi, kullum bayan isha'i, sai da na yi sama da mako uku. Shafukan labarin 'yan fashin teku da aka saƙa a cikin littafin kam, na karanta ne kawai Allah ya ga niyya.

Shi kuwa fim ɗin Zack Snyder na 2009 ya yi shekaru a cikin kwamfutar ina tura wa mutane, ban taɓa zama na kalla ba. Da na gama littafin sai na kunna. Gaskiya kamar an tsaga kara. Bajon nan mai murmushi da ɗigon jini, yadda aka wurgo Comedian, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ta taga, jana'izarsa cikin ruwan sama, fadar gilashi a duniyar Mas, duk ga su nan. Har nakan tsayar da fim in buɗe shafin in gwada, in ga kusan ba bambanci. Amma da ya ƙare sai na ji kamar an ba ni tuwo da miyar wani gida.

Abin da ya fara tsaya mini a rai yaran da ke zama a bencin ƙofar shagona ne. Sun raɗa wa kowa suna: Dr. Manhattan, mai launin shuɗi da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, shi ne Shuɗi, Nite Owl Mujiya, Rorschach kuma, mai rufe fuska da ƙyalle mai tabo-tabo yana farautar masu laifi, Mai Tabo. Duk ranar da aka zo wurin da Mai Tabo ya watsa wa wani fursuna tafasasshen mai a gidan yari, sai benci ya ɗauki sowa, ana "Namiji! Namiji!" Ɗaya daga cikinsu har ya sa hotonsa a fuskar waya.

Ni kuwa a littafi tsoronsa na ji, da tausayi. Mutum ne wanda kowa ke ƙorafin warin jikinsa, yana shiga gidan mutane ya buɗe gwangwanin wake ya ci da sanyinsa, matar da ta ba shi haya kullum tana bin sa kuɗi. Tun kashi na farko ya shiga wata mashaya ya karya wa wani bawan Allah yatsu biyu yana neman labari, alhali mutumin bai san komai ba, ya fice abinsa ko a jikinsa. Maganar nan da yara ke haddacewa, wai ba shi aka kulle da su ba, su aka kulle da shi, a littafi ba ma daga bakinsa muka ji ta ba. Likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi ne ya kawo ta cikin bayanansa, hankalinsa a tashe. A fim kuwa shi ya faɗe ta da ƙaraji ana jan sa, kamar kirari.

Inda gizo ke saƙar shi ne labarin yarinyar da aka sace a 1975. A littafi Rorschach ya ga alamu masu ƙarfi, ga karnuka biyu na faɗa a kan ƙashi, ga guntun tufa a murhu, amma mutumin bai amsa laifi ba, cewa yake ina hujja. Rorschach ya ɗaure shi da ankwa, ya ajiye masa zarto, ya zuba kananzir ya cinna wa gidan wuta, ya fita ya tsaya yana kallo. A fim sai aka sa mutumin ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe ta, yana roƙon a kai shi ga hukuma, sannan Rorschach ya sare shi da wuƙar mahauta cikin fushi da kuka. Wato an cire wa mai kallo ɗan shakkun da ya rage. Ya amsa, shi ke nan, a kashe.

Ga dalilin da ya sa abin bai wuce mini ba. Ni asalina ɗan ƙauye ne, wani gari yamma da Gusau da ba sai na kira suna ba. Ina nan ranar wata kasuwa aka fitar da wani mutum daga rumfar mai shayi, aka ce shi ke kai wa ɓarayin daji labari. Waɗanda suka fitar da shi 'yan sa-kai ne, yaran garinmu, wasu tare muka yi makarantar allo. Ba wanda ya kai shi gaban hakimi balle 'yan sanda. Har yau rabin gari na cewa shi ne, rabi na cewa bashi ne tsakaninsa da wani. Kuma wallahi waɗannan yaran su suka hana a kwashe mana shanu har sau biyu. To da na ga a littafin ana rubuta wa a bango wa zai yi gadin masu gadi, na ga dokar 1977 da ta haramta masu rufe fuska su ɗauki doka a hannu, ban ji kamar labarin Amurka nake karantawa ba. Mu ma nan an sha haramta 'yan sa-kai, har aka zo aka ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024.

Tambayata: ana cewa ba fim ɗin da ya bi littafinsa sau da ƙafa kamar wannan. Shin ya bi ɗin, ni ne na shigar da damuwata ciki? Ko dai ya kwafi zanen ne ya bar maganar?

Sarkin Kallo (Birnin Kebbi):

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kawo magana, amma ka yi wa Snyder rashin adalci.

Ka san wahalar da aka sha kafin fim ɗin nan ya fito? Sama da shekara ashirin yana yawo daga wannan kamfani zuwa wancan. Terry Gilliam, wanda ba yaro ba ne a harkar, ya ɗauka ya ajiye, ya ga ba zai shiga fim ɗaya ba. A hannun Paul Greengrass har an shirya a dawo da labarin zamanin yanzu. Snyder ne ya tsaya a bar shi a 1985 ɗinsa, da Nixon har yanzu a kan mulkin Amurka, da Amurka da ta ci yaƙin Biyetnam saboda Shuɗi, da tsoron yaƙin nukiliya tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. Da wani ne da ka ga Mujiya riƙe da wayar salula.

Sannan wanne ka kalla? Iri uku ne fa. Wanda aka nuna a silima minti 162 ne. Akwai na darakta mai minti 186, a ciki ne aka mayar da kisan tsoho Hollis Mason, Mujiya na farko, kuma wurin yana da taɓa zuciya. Akwai kuma na uku mai minti 215 da aka saƙa labarin 'yan fashin tekun a ciki da zanen katun, Gerard Butler ya yi muryar. In gajeren kake tura wa mutane, to rabin ƙorafinka daga shagonka yake.

Kuma akwai inda fim ya fi. Mintunan farko da aka ɗora kan waƙar Bob Dylan, an ba ka tarihin shekara arba'in ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Littafin sai da ya yi ta cusa maka dogayen rubutu a ƙarshen kusan kowane kashi kafin ka san wannan tarihin, kuma ka faɗi gaskiya, nawa ka tsallake? Jackie Earle Haley kuwa, wanda ya fito a Mai Tabo, ranar da aka cire masa ƙyallen fuska, sai ka rantse daga shafin ya fito.

Ƙarshen ma ni na fim na zaɓa, ko za a jefe ni. A littafi Veidt, attajirin nan tsohon jarumi, ya sa an ƙera wani ƙaton dodo mai hannaye barkatai a wani tsibiri, ya jefa shi Niyu Yok ya kashe mutum kusan miliyan uku, don duniya ta ɗauka hari ne daga wata duniyar ta haɗa kai. Kafin ka yarda da wannan sai an nuna maka tsibirin, da marubuta da masu zanen da aka kwashe, da ƙwaƙwalwar da aka sa wa dodon. Wa ke da wannan lokacin? A fim sai aka ce ya tarwatsa manyan birane, har da Niyu Yok da Mosko, mutum miliyan 15, da irin ƙarfin Shuɗi, aka ɗora wa Shuɗin laifin. An yi amfani da abin da ke cikin labarin tun farko. Ni a wurina wannan gyara ne.

Zancen yaran benci kuma, yaro ko wa ka nuna masa yana duka zai yi masa tafi.

Ummu Hanifa (Talata Mafara):

Malam Mai Caji, ba kai kaɗai ba ne. Ina koyar da adabi a sakandare, kuma littafin na takarda nake da shi, ƙanin maigidana ya zo mini da shi daga Abuja. Malam Sarkin Kallo ya yi gaskiya a kan wahalar aikin, amma akwai abin da ko minti ɗari biyar aka ba fim ba zai ɗauko ba.

Gibbons ya raba kusan kowane shafi gida tara, uku uku uku, kamar ramukan dara. Idan ka buɗe, gidajen duka suna gabanka lokaci ɗaya, ka ga dama ka koma baya, ka ga dama ka leƙa gaba. A kashi na huɗu, inda Shuɗi ke zaune a duniyar Mas yana ganin 1959 da 1985 da yarintarsa duk a tare, kai ma mai karatu haka kake ganin shafin. An sa ka a idonsa ke nan. Fim ya yi ƙoƙari a wannan wurin, ina ganin ma nan ya fi kyau, amma dole hoto ya bi hoto, na baya ya wuce.

Kashi na biyar kuma sai da na karanta sau biyu na farga. Kun san yadda ake lalle hannu biyu, in aka haɗa tafuka zanen dama ya zama madubin na hagu? Haka aka gina shi. Tsarin shafin farko shi ne na shafin ƙarshe a juye, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har su haɗu a tsakiya. Wa ke tsakiyar? Veidt, yana kokawa da wanda aka aiko ya kashe shi, alhali shi ya aiko shi. Littafin ya ajiye maka mai laifi a cibiyarsa tun kana ganin shi aka zalunta. Na ajiye littafin na yi shiru ranar da na gane wannan. Ta yaya kyamara za ta yi shi?

Amma babbar asarar a wurina mutanen bakin titi ne. Akwai tsoho mai sayar da jarida mai surutun tsiya, da yaron da ke zama gefensa yana karanta labarin 'yan fashin teku ba ya saye, da wata direbar tasi, da likitan nan Malcolm Long da aurensa ya fara rushewa saboda zaman da yake yi da Rorschach, da 'yan sanda biyu masu bincike. Kashi bayan kashi kana tare da su har ka saba, kamar 'yan majalisar ƙofar gidanku. A ƙarshen kashi na sha ɗaya duk suka haɗu a kwanar nan, wasu suna ƙoƙarin raba faɗa, sai hasken harin Veidt ya zo, tsohon ya rungume yaron. Kashi na sha biyu ya buɗe da shafi shida cur, kowanne hoto ɗaya, ba mai magana, gawa kan gawa, kuma kana gane fuskokin.

A fim an nuna rungumar, amma su wane ne? Wanda ya kalli gajeren bai san su ba. Bayan haka sai wani ƙaton rami, tsaf, ba gawa ko ɗaya. Abin mamaki, fim ɗin da bai ji nauyin nuna ƙashi ya huda fata a faɗan lungu ba, ya yanke wa fursuna hannaye da injin yanka inda littafi bai yi haka ba, shi ne ya kawar da kai a wurin da ya kamata a tilasta mana mu duba. Ya ƙara jini inda jini ke burgewa, ya rage inda yake sa kuka. Mu da muka san bambancin "an kashe mutum talatin" a rediyo da "an kashe Malam wane mai gyaran keke", bai kamata a yi mana bayani ba.

Faɗan ma haka. Mujiya na littafi mutum ne mai tumbi da ya fara manyanta, bayan faɗan lungun shi da Laurie, jarumar da ke tare da shi, haki suke yi. A fim kowa na tashi sama, ana fasa bango da naushi, ana jan hoton da tafiyar hawainiya don ka more. To in kowa haka yake, me ya bambanta Shuɗi da sauran? Ai duk ginin labarin a kan shi kaɗai ne mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam.

Malam Sarkin Kallo, game da ƙarshen: Shuɗi makamin Amurka ne shekara da shekaru, da shi ta ci Biyetnam. In ya rusa Mosko, kana ganin Rasha za ta tsaya jin cewa ai Niyu Yok ma ta taɓu? In karen gidanku ya ciji ɗan maƙwabci, ba ya wanke ku don ya ciji naku ɗan. Dodon dai abin dariya ne a ido, amma ba na kowa ba ne, shi ya sa dabarar ta zauna.

Sai abu na ƙarshe. A littafi, bayan komai, Veidt ya keɓe da Shuɗi ya tambaye shi ko abin da ya yi daidai ne a ƙarshe. Shuɗi ya nuna masa ba abin da ke ƙarewa, tsugune ba ta ƙare ba, ya ɓace ya bar shi shi kaɗai da fuskar mai shakka. A fim an ɗauke wannan maganar an ba Laurie, a madadinta aka sa Mujiya ya lakaɗa wa Veidt duka don mai kallo ya huce.

Baba na Anka:

Salamu alaikum. Ni ban karanta littahin ga ba, idona bai ɗaukar ƙananan rubutu. Yarona ya sa min fim ɗin ga waya, nig gane shi cikin kwana ukku.

Na hwarko, Mai Caji, ka ji tsoron Allah ka bar tura wanga fim ga yara ƙanana. Mutumen ga shuɗi tsirara shika yawo, ga kuma abin da anka yi cikin jirgin Mujiya wanda ba ni iya hwaɗi nan. Ba don yara anka yi shi ba, su kansu masu shi sun hwaɗi.

Na biyu, ku 'yan birni kun iya magana. Ranar da anka shigo garinku cikin dare, kana gudu da ɗiya ga kahwaɗa, ba ka tambayar wanda ya tsaya bakin gari ko shina wanka, ko ya biya kuɗin haya. Yaran da ka yi ma Mai Tabo tahi, wasunsu daga ƙauye sunka gudo, ka bincika ka gani. Ba hauka su kai ba. Sun ga wanda bai jiran takarda.

Amma kuma gaskiya guda ta. Wanda kab ba bindiga yau don shi tsare ka, gobe in kunka yi rigimar iyakar gona, bindigar tana nan hannu nai. Mun gani.

Ni wanda yaf fi ba ni tsoro cikin fim ɗin ba mai ƙyalle ba na. Attajirin nan na, mai taushin magana, wanda yaz zamna wuri mai sanyi yal lissafa mutum nawa za su mutu don a samu zaman lahiya, bai shawarci ko guda cikinsu ba.

Mai Caji (Gusau):

Baba, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Tun bara na ware irin waɗannan a wani wuri daban, sai babba ya tambaya, amma gaskiya a baya na yi sakaci. Maganar yaran kuma haka take. Wanda ya sa hoton a waya daga wajen Maru iyayensa suka taso, yanzu a gidan kawunsa suke. Ban taɓa haɗa abin a raina ba sai da kuka faɗa.

Sarkin Kallo, ka kama ni, mai minti 162 ne a kwamfutata. Amma ka gaya mini, a dogayen an cire amsa laifin da mutumin nan ya yi? In yana nan, ƙorafina yana nan.

Malama, zancen lallen nan ya sa na rufe shago da wuri jiya na koma kashi na biyar. A kwamfuta shafi ɗaya-ɗaya nake gani, shi ya sa ban taɓa lura ba. Sai da na buɗe shi sau biyu gefe da gefe, ɗaya daga farko ɗaya daga ƙarshe. Har launin fitilar da ke kunnawa tana mutuwa ya bi tsarin. Mutanen nan ba su da aikin yi ne?

Ɗan Poly (Kaura Namoda):

Yaya Mai Caji, ina tare da kai rabi, rabi kuma a'a.

Asalin mutanen nan ba na Moore ba ne gaba ɗaya. DC, kamfanin da ya buga littafin, ta sayi jaruman wani kamfani mai suna Charlton, Moore ya so ya yi labarin da su, da aka ga zai kashe wasu ya lalata wasu sai aka ce ya ƙirƙiri nasa. Shuɗi daga Captain Atom ya samo asali, Mujiya daga Blue Beetle, Comedian daga Peacemaker, Rorschach kuma daga The Question na Steve Ditko, mutumin da jarumansa ba su san wani abu tsakanin fari da baƙi ba. Moore ya ɗauki wannan halin ne ya nuna yadda mai shi zai kasance in da gaske yana raye a unguwarku. Shi da kansa ya faɗa a hira cewa ya yi Rorschach ne a matsayin abin gudu, kuma abin ya dame shi da masu karatu suka riƙa zuwa suna ce masa ai su ne Rorschach. Ka lura, masu karatu, tun kafin fim. Don haka kada a jibga wa Snyder kayan duka. Littafin ma ya bar ƙofa, tunda a ƙarshe kowa ya yarda a rufe maganar kisan miliyoyi, shi kaɗai ya ƙi, ya cire ƙyallen yana hawaye ya ce a kashe shi. Wa zai ga wannan bai ji wani abu ba?

Sai dai akwai abin da littafin ya ajiye wanda ke hana ka sakin jiki da shi, kuma yana cikin rubutun ƙarshen kashi da Sarkin Kallo ya ce ana tsallakewa. Bayan kashi na shida akwai takardar da Walter Kovacs, wato shi Rorschach ɗin, ya rubuta yana yaro a gidan kula da yara, inda ya yabi Shugaba Truman kan jefa wa Japan bam ɗin nukiliya, wai hakan ya ceci miliyoyi. To ai lissafin Veidt ke nan sak. Da aka yi wa mutanen Hiroshima ya ce daidai ne, da aka yi wa birninsu ya ce a'a. Wannan takardar ba ta cikin fim, saboda haka Mai Tabo na fim ya mutu tsarkakakke.

Moore dai bai bari an sa sunansa a fim ɗin ba, Gibbons kaɗai za ka gani. Rigimarsa da DC tsohuwa ce: yarjejeniyar ita ce haƙƙin littafin zai koma hannunsu in aka daina buga shi, shi kuwa ba a taɓa dainawa ba. Yadda za a daina, littafin da mujallar Time ta sa cikin ƙagaggun labarai ɗari mafiya fice na Turanci a 2005?

In kana son ganin wanda ya ɗauki tambayarka da gaske, nemi Watchmen mai dogon zango na tashar talabijin ta HBO na 2019, kashi tara, na Damon Lindelof. Ƙarshen littafi ya bi, da dodon da komai, shekara 34 bayan abin. A ciki wasu 'yan wariyar launin fata a Tulsa sun mayar da littafin sirrin Rorschach abin karantawarsu, suna sa irin ƙyallensa suna kashe mutane. Su kuma 'yan sanda su ma sun koma rufe fuska.

Sarkin Kallo (Birnin Kebbi):

Yana nan, Mai Caji, a duka ukun mutumin ya amsa. Wannan na ba ka. Malama ma na ba ta zancen ramin da ba gawa, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma dodo kam har gobe ban yarda ba. Ku yi tunanin an zauna awa biyu da rabi ana kallon abu mai nauyi, sai ga wani abu kamar ƙatuwar ganda da ido ɗaya ya faɗo tsakiyar gari. Da silima ta watse da dariya.

Ummu Hanifa (Talata Mafara):

A na 2019 ɗin an nuna shi, Malam, a kashi na biyar. Ka kalla ka dawo ka gaya mana ko ka yi dariya.

Auta Ba Network:

Ni duk ban gane rigimar ba. Oga Mai Caji, giga nawa ne mai minti 215 ɗin, kuma akwai fassarar Hausa?

Mai Caji (Gusau):

Auta, ban da shi tukuna, Sarkin Kallo zai turo mini in ya samu mai zuwa Gusau, don datar da zan saukar da shi ta fi kuɗin mota. Fassara kuma ban taɓa cin karo da ita ba. Littafin dai yana nan, duk mai so ya zo da memori bayan la'asar, ba zan karɓi ko sisi ba. Yaron nan na Maru ya riga ya karɓa ɗazu. Na ce ya fara daga kashi na ɗaya, ya ce shi na shida zai fara, inda Mai Tabo yake.